Ɗana, In Ciwo Ya Shigo Gida, Ina Ka Nufa?

Ɗana, da gangan na yi shiru har aka sallamo yaron, 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, kai ma ka samu ka runtsa. A asibiti ban ce maka uffan ba, domin wanda ke tsaye a kan ɗansa ana ƙara masa jini addu'a yake bukata a lokacin. Yanzu Allah ya tashi kafaɗunsa, mun gode masa. Maganar da ke cikina kuwa dole ta fito, kuma ni ce zan faɗe ta. Mahaifinka kawaici zai hana shi, mahaifiyarka kuma kunyar ɗan fari ba za ta bari ta zaunar da kai ba. Gwaggo ce ba ta da wannan shamaki.

Ban ce ka yi sakaci ba. Na ga idanunka, na san ba ka yi barci ba, na kuma san abin da ya fita daga aljihunka. Inda ka kuskure shi ne hannun da ka fara miƙa yaron. Zazzaɓi ya kama shi, ka kai shi wurin mai kemis na bakin layi, ya dafa goshinsa ya ce maleriya ce da taifod, ya shiga yi masa allura safe da yamma. Da jiki ya ƙi, aka kira wani ya ɗaura masa ruwa a tsakar ɗaki, ledar tana rataye a ƙusa. Da aka ga idonsa ya sauya, maƙwabta suka ce shawara ce, aka jiƙa saiwa aka ɗura masa. Sai da tafin hannunsa ya yi fari fat, ya fara sandarewa, sannan aka fita neman a-daidaita-sahu da tsakar dare. A cikin duk waɗanda suka taɓa yaron nan kafin wannan dare, babu wanda ya ɗebi jininsa ya gwada, babu wanda ya ɗora shi a kan ma'auni, babu ma wanda ya ja fatar idonsa ya ga jininsa ya yi ƙasa. Kowa ya ba da magani, babu wanda ya duba.

Rai na Allah ne, babu mai wuce ajalinsa. Amma an umarce mu da neman magani, kuma nema yana da hanya. Shekarun da na yi ina aikin jinya har na ajiye, yara da yawa da muka rasa maganin ciwonsu yana nan a cikin kabad ɗinmu. Kwanakin da aka ɓatar kafin a kawo su ne suka fi ƙarfinmu. Saboda haka duk wanda zai ba ɗanka magani, ka fara lura: ya tambaye ka yadda ciwon ya faro? Ya duba jikin yaron? Ya gwada abin da ake gwadawa? In bai yi ko ɗaya ba, canka yake yi, kuma da ran ɗanka yake yin ta.

Mai kemis ba maƙiyinka ba ne. A unguwanni da yawa da ƙauyuka shagonsa ne kaɗai ke buɗe bayan isha'i, yana ba da bashi, ya san 'ya'yanka ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ka san iyakarsa. Lasisin da hukumar kula da harkar magunguna ta ƙasa take ba shi na sayar da magunguna ne masu sauƙi, a cikin kwalinsu na asali: farasitamol, garin ORS na gudawa, zink, maganin maleriya na sha da makamantansu. Ba a ba shi izinin yin allura ba, ba a ba shi izinin ɗaura ruwa ba, balle ya kwantar da mara lafiya a kan benci a bayan kanta. Ka kuma duba halin da yake ciki. Mutumin da abincin gidansa ke fitowa daga sayar da magani, da wuya ka shiga shagonsa ya ce maka ka mayar da kuɗinka aljihu ka wuce asibiti. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu da suke faɗin haka, kuma in ka samu irinsu ka riƙe su da kyau.

Mu ma mutanen gari muna tura su. Mun sa wa ranmu cewa in ba a soka allura ba, ba a yi magani ba, in kuma aka ɗaura ruwa to an gama gata. Na sha ganin uwa ta ɓata rai don an ba ta ƙwaya an ce ta tafi gida. Alhali allurar da aka soka a ɗuwawun yaro ba bisa ƙa'ida ba tana iya taɓa jijiyar da ke sauka ƙafa, ƙafar ta shanye har abada. Tana iya ruruwa ta tara mugunya. In an yi da sirinjin da aka yi wa wani, tana iya kawo ciwon hanta ko ƙanjamau. Shi kuwa ƙarin ruwa, ga yaron da jininsa ya yi ƙasa ko mai tamowa, in aka sake shi babu lissafi zuciya ce ke kasa ɗauka, ruwan ya taru a huhu. A asibiti da nauyin yaro ake lissafa shi, ana ƙirga ɗigo, ana dawowa ana saurarar ƙirji. Wanda ya rataya leda a ƙusa ya tafi sallah, wa ya bar wa wannan aikin?

Gwajin maleriya fa ba wani abu ne mai nisa ba. Ɗigon jini ne daga ɗan yatsa a kan 'yar ƙaramar roba, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito, kuma ana yin sa a ƙananan asibitocin unguwa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwadawa kafin a ba da maganin maleriya. In ta tabbata, yaro kuma yana iya haɗiya, maganin na baki ne, sau biyu a rana har kwana 3, gwargwadon nauyinsa, a shanye shi duka ko da jiki ya yi sanyi tun rana ta biyu. Kulorakwin da muka tashi da shi, tun 2005 Najeriya ta daina dogaro da shi, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. In kuwa maleriyar ta yi tsanani, allurar atesunet ake yi, a asibiti, a kan gado, ana lura da yawan jininsa da sukarin jikinsa. Ita wannan cuta jajayen ƙwayoyin jini take farfasawa. Duk kwanan da ta ƙara a jikin yaro ba tare da maganin da ya dace ba, jininsa raguwa yake yi. Abin da ya kai mu ga neman ledar jini ke nan.

Ita kuwa taifod an mayar da ita 'yar rakiyar maleriya, duk inda aka ambaci ɗaya sai a liƙa ɗayar. Gwajin Widal da ake yawan kafa hujja da shi yakan nuna alama har a jikin mai lafiya ƙalau a ƙasa irin tamu, kuma likitoci sun daɗe da sanin haka. Tabbacinta sai an ɗebi jini an reni ƙwayar cutar a ɗakin gwaji na 'yan kwanaki. Amma a kan wannan zato ake ɗura wa yara antibayotik iri-iri, ranar da suka bukace shi da gaske kuma a tarar ya daina ci. Zafin jiki ƙararrawa ce kawai. Yana iya zama ciwon kunne, ko na huhu, ko na mafitsara, ko ƙyanda, ko sanƙarau a lokacin bazara. Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara suna amai, suna sandarewa, suna mutuwa, ana ba su maganin maleriya ba ya ci. Sai da aka gwada jininsu aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Da ido babu wanda zai iya gano wannan.

Ka kuma san waye waye a cikin masu farar riga, domin kowa da abin da aka koya masa. Likita shekara 6 yake yi a jami'a, ya ƙara guda yana aiki a ƙarƙashin manya, sannan majalisar likitoci ta ƙasa ta yi masa rajista, lasisinsa kuma duk shekara ake sabunta shi. Wanda ya ƙware a fanni guda, yara ko mata ko tiyata, ya ƙara wasu shekarun a kan waɗannan. Nas da ungozomar asibiti namu aikin jinya ne da karɓar haihuwa da lura da mara lafiya dare da rana. Malamin lafiya na ƙaramin asibiti yana da littafin ƙa'ida da ya zayyana masa abin da zai iya yi wa magani da lokacin da zai tura gaba. Mai ilimin haɗa magunguna, wanda ya yi jami'a, daban yake da mai kemis, kuma shi ya kamata ka tambaya ko wannan ƙwaya tana jituwa da waccan. Mai gwajin jini da mai ɗaukar hoto sakamako suke fitarwa, wanda ya duba mara lafiya shi ke fassara shi. In babur ɗinka ya buga inji ba ka kai wa mai faci, ko da shi ya fi kusa kuma kuna gaisawa. To don me za ka ji nauyin tambayar mutum, cikin ladabi, “Malam, kai likita ne ko nas?” Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya. Mafi amana a cikinsu duka shi ne wanda zai ce maka, “Wannan ya fi ƙarfin nan, ga takarda, ku wuce gaba yanzu.”

An tsara asibitocin ne hawa-hawa. Zazzaɓin da ya fara yau, mura, gudawar da ba ta galabaitar ba, rigakafi, awon ciki, awon hawan jini, duk na ƙaramin asibitin unguwa ne. Abin da ya fi ƙarfinsu su tura ka babban asibiti, inda akwai gado da tiyata da ma'ajiyar jini. Abin da ya gagara can, sai asibitin koyarwa, irin Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Wanda ya kwashi mura ya tafi Asibitin Malam ya wahalar da kansa, ya kuma tare wa mai ciwon ƙoda layi. Takardar da aka tura ka da ita kada ka raina ta, ita ce ke gaya wa na gaba abin da aka gani da abin da aka riga aka bayar. Mu a Kano ma Allah ya yi mana gata da wasu ba su da shi: ga asibitin yara na Hasiya Bayero, ga Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959, ga asibitin ido na ECWA tun 1943, ga na masu taɓin hankali a Dawanau. Mutane suna tahowa daga Nijar da Chadi saboda wasu daga cikinsu, mu kuma da ke kwana kusa da su sai mu tsaya a bakin layi.

Akwai kuma lokacin da ba a bin hawa-hawa, kai tsaye ake wucewa ɗakin gaggawa na babban asibiti, ko ƙarfe nawa ne. Wannan ka haddace shi, ka kuma koya wa mai ɗakinka. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa. Yaron da ya sandare ko sau ɗaya ne, ko ya yi laushi ana tashinsa ba ya farkawa sosai. Wanda numfashinsa ke sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa. Wanda wuyansa ya ƙage, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, zafin jiki kaɗai ya isa dalili. In yaro yana sandarewa a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a turara masa hayaƙi. A ɗauke shi a tafi.

Na san abin da za ka ce mini. Za ka ce asibitin gwamnati sai ka yi asubanci ka yanki kati, ka wuni a benci, a ce likita bai zo ba ko ana yajin aiki, nas ta daka maka tsawa, a ƙarshe a rubuta maka magani ka je waje ka saya. Gaskiya ne, a cikinsa na tsufa, kuma ba zan wanke abin da ba ya wankuwa ba. Ma'aikata sun yi kaɗan, da yawa sun tafi ƙasashen waje, waɗanda suka rage gajiya ta cinye su, wasu kuma halinsu ne ba shi da kyau. Amma ka auna wunin benci da kwanakin da kuka yi a kan gado. Ka kuma sani cewa mai ɗauke da yaro yana sandarewa ba ya bin layin kati. Ka wuce ciki, ka ɗaga murya ka faɗi abin da ke faruwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Ba ko'ina ake bin ta ba, amma haƙƙinka ne, ka san da shi.

In ka shiga wurin likita, ka tafi da kwalaye da kwalaben duk abin da aka riga aka ba mara lafiya, har jiƙon, ka faɗi gaskiya. Mutane suna ɓoyewa don tsoron faɗa, alhali faɗan minti ɗaya ne, ɓoyewar kuwa tana iya sa a maimaita maganin da ya riga ya yi yawa a jiki. Kada ka fito sai ka ji sunan ciwon, ka gane yadda za a sha maganin, ka kuma tambayi alamar da in ka gani za ka dawo ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba. Matambayi ba ya ɓata.

Asibitin kuɗi akwai na ƙwarai, akwai kuma wanda allo ne kawai da fenti. A Kano akwai hukumar da ke yi musu rajista, takan kuma rufe waɗanda ta kama babu izini, saboda haka ka nemi ganin takardar a bango. Ka tambaya wane likita ne ke kwana, kuma in ana bukatar jini ko tiyata da dare yaya suke yi. Wurin da duk wanda ya shiga sai an ba shi gado an ɗaura masa ruwa, ka yi hattara da shi. In aka ce sai an yanka, abin kuma ba na gaggawa ba ne, babu laifi ka je wani likitan ya sake dubawa.

Kada ka ɗauka na raina na gida. Kinin da aka daɗe ana maganin maleriya da shi daga ɓawon itace aka samo shi. Maganin da ya ceci ɗanka ma asalinsa wata ciyawa ce dangin tazargade da mutanen Sin suka daɗe da sani, kuma matar da ta fitar da sinadarin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Abin da ya raba shi da jiƙon kwano shi ne an auna shi, an gwada shi, an san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Saiwar da aka jiƙa babu wanda ya san ƙarfinta, ta yau daban ta gobe daban, ga shi kuma an ba yaron da hantarsa ke fama. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da ilimin abin ba, in ya jawo ɓarna, alhakin yana wuyansa. Maƙwabciyar da ta ce “ai kaza ne, ba shi kaza” da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ba ita za ta kwana a asibiti ba.

Maɗori ma akwai wanda ya gaji sana'ar, kuma karaya da yawa sun haɗu a hannunsa. Sai dai ba ya ganin cikin tsoka. In ɗaurin kara ya matse gaɓar da ke kumbura, jini ya daina zagawa, cikin 'yan kwanaki hannu ya mutu ya yi baƙi, a ƙarshe sai yankewa. Na yi jinyar yaran da suka rasa hannu a kan karayar da filasta za ta gyara cikin makonni, kuma har yau abin yana ci mini rai. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta kusa da gaɓa, ko ta ƙugu da gadon baya, ta asibiti ce babu shawara. Sauran ma a fara ɗaukar hoto. In an riga an ɗaure, ka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, ba sa ji, ko zafin yana ƙaruwa, a kwance nan take a tafi Dala. Haka wanzami da cire beli. Tun ƙarshen 2022 da mashaƙo ya ɓarke a Kano ya kamata kowa ya gane cewa ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da kumburin wuya a jikin yaro ba na aska ba ne. Ido kuwa, kada ka yarda a ɗiga masa abin da likitan ido bai rubuta ba. Wasu magungunan ɗigawa da ake saya a kemis don ƙaiƙayi suna ta da hawan jinin ido in an daɗe ana amfani da su, ganin da ya tafi ta wannan hanya kuma ba ya dawowa.

Masu mota da lasifika a bakin kasuwa, da 'yan uwansu da suka koma cikin waya, a TikTok da WhatsApp, ba zan ɓata baki a kansu da yawa ba. Kwalba ɗaya wai tana maganin basir da sanyi da suga da hawan jini da rashin haihuwa. Kai ma ka san babu wannan. Abin tsoron shi ne abin da ake fakewa da shi: jinin da mutum ke gani a bayan gida shekara guda yana shan maganin basir, wani lokacin ciwon daji ne na hanji, da an duba da wuri da an yi aiki. Haka haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da 'yan ga-ruwa da leburori ke sha kullum da shayi, yana cin ciki yana cin ƙoda a hankali, wankin ƙoda kuma sau biyu ko uku ake yi a mako, gida nawa ne zai iya? Tarin da ya wuce mako 2 ma a daina saye masa ruwan kwalba, a kai majina a gwada. In tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 ake sha, kuma ana warkewa.

Addu'a da ruƙiyya ba ni da ja a kansu, ni ma ina tofa wa jikokina. Amma a haɗa da asibiti. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukar ta ta yawu, kuma mafi yawan masu ita suna daina faɗuwa in suna shan magani a kan lokaci. Wanda hankalinsa ya taɓu, ko matar da ta rikice bayan haihuwa, likita suke bukata da tausasawa. Mari a ƙafa da bulala ba su taɓa warkar da kowa ba.

Yanzu bari in zo kan wadda ta fi damuna, tunda na ga mai ɗakinka da juna biyu. Ta fara awo tun yanzu, kada a jira ciki ya tsufa. A wurin awo ne ake kama hawan jini da ƙarancin jini da kwanciyar da ba daidai ba tun ba su zama masifa ba. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi, zubar jini ko kaɗan ne, fashewar faya babu naƙuda, ɗa ya daina motsi, kowanne a cikinsu na tafiya asibiti ne a wannan sa'a. Jijjiga tana da allurar da ke tsayar da ita, kuma ba a samun ta a ɗaki. Kada rana ta fito ta faɗi mace tana naƙuda a gida. Kada kuma ka bari kowa ya yi mata allurar ƙara naƙuda a ɗaki, tana iya fasa mahaifa. Matan da ke kwance a Babbar Ruga ta Katsina da sashen Laure na Asibitin Murtala suna jiran a ɗinke musu yoyon fitsari, mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta kai su, da yawa kuma jiran izinin maigida ne ya tsawaita ta. Kai ɗan kasuwa ne, yau kana Kano gobe kana Legas, wayarka kuma ba kullum take shiga ba.

Maganar kuɗi ban manta da ita ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ware wani abu, ko kaɗan ne duk mako, wanda ba a taɓa shi sai don ciwo, kuma mai ɗakinka ta san inda yake. Ka je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ka tambayi yadda mai sana'ar kansa ke shiga tsarin da iyalinsa. Ka san rukunin jininka da nata, ka kuma san mutum biyu a dangi da za su iya ba da jini in an nema.

Abin da nake roƙonka kafin Juma'a mai zuwa ba shi da yawa. Ka taka da ƙafarka zuwa ƙaramin asibitin unguwarku, ka ji ko suna kwana, ka ji inda suke tura abin da ya fi ƙarfinsu. Ka karɓi lambar mai a-daidaita-sahun da zai amsa waya da dare, ka sa wa mai ɗakinka a wayarta. Ka zaunar da ita a gaban mahaifiyarka, ka faɗa da bakinka cewa duk ranar da ta ga ɗaya daga cikin alamomin nan a jikinta ko a jikin yaro, ka ba ta izini ta fita ko kana gari ko ba ka nan. Sannan ka biya wurin mahaifinka. Na samu labarin ya ajiye maganin hawan jininsa tun da ya ji ƙarfin jikinsa, alhali wannan ciwo ba ya sallama kafin ya shanye wa mutum ɓarin jiki. Ka ɗauke shi ka kai shi a auna shi. In ya ƙi, ka ce masa yayarsa ce ta aiko ka.